Dubiya a Ƙasan Bene

Waziriyya, Jidda
Rabi'us Sani, 1431

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Malam Na'ibi da yara da jikoki, da mutanen Funtuwa masu tunawa da ni da waɗanda suka manta. Ya ƙafar taki? Kina dai shafa man, ko kin ajiye shi a taga kina jiran ya shafa kansa?

Yaya, an yi. An yi wa Saleh dashen huhun nan da muka daɗe muna jira. Da hantsi aka bugo daga mustashfa, wato asibiti, aka ce an samu, mu taho yanzu-yanzu. Na fita da takalmi wari da wari, sai a mota na lura. Wani bawan Allah ne ya rasu, iyalinsa suka ba da huhunsa. Ba a gaya mana sunansa ba, kuma ba za a gaya mana ba. Kullum ina sa shi a addu'a, ina cewa "mai huhun Saleh", Allah ya san wanda nake nufi.

Yanzu mun dawo gida, an mayar musu da tukunyar iskar nan da ta zame wa mijina jela. Amma aiki sai yanzu ya soma. Magungunan da yake sha don kada jikinsa ya ƙi baƙon huhun, su ne kuma suka kwantar masa da garkuwar jiki. Likita ta zaunar da ni ta ce murar da ni zan yi in sha citta in warke, shi tana iya kai shi kabari. Don haka ba turaren wuta, ba abincin waje, ba shiga taro, ba 'yan dubiya sai bayan watanni. In zai fita sai da kammama, wato ƙyallen nan na rufe hanci da baki. Ni ce mai maganin safe da na yamma, ni ce mai auna zafin jiki, ni ce mai goge ƙasa, ni ce mai dafa ruwa. Hannuna ya yi kaushi don wanki kamar na mai sussukar dawa. 'Yarmu Sharifa tana Yanbu, 'ya'yanta kuwa majina ba ta yanke musu, na ce ta yi zamanta.

Kin yi ƙorafi wai ba na daɗewa a waya. Ɗaki biyu ne gidan, kunnen Saleh kuwa ba a yi masa dashe ba amma ya fi na kowa. In ya ji na ce na gaji, sai ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Shi ya sa na koma takarda. Maimuna 'yar Kano-Jidda za ta kawo miki.

To a takarda zan faɗa: na gaji, Yaya. Abin da ya fi ci mini rai kaɗaici. Gidan da ba ya rabo da baƙi ya yi tsit, yini guda ko sallama ba na ji. Wani lokaci sai in shiga madafa in kunna famfo in yi kukana, in wanke fuska in fito ina murmushi. Ke kaɗai na gaya wa. Tun da kakana da kakarki suka fito ciki ɗaya aka ɗora mini ke, ba ni da yadda zan yi da ke.

Taki,
Zubaidatu

*

Funtuwa
Afrilu, 2010

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Na yi guɗa a tsakar gida har Malam ya fito da buta a hannu yana tambaya wa ya haihu. Allah ya ƙara wa Saleh lafiya, ya ji ƙan mai huhun, ya ba ki ladan jinya. Mu duk lafiya. Ƙafa tana nan, man kuma ina shafawa, marar kunya.

Amma ke, ni za ki yi wa wayo? Ni da na goya ki? Na karanta takardarki na sake karantawa, na kuma gane abin da ba ki rubuta ba. Wai likita ta hana dubiya! Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin likitan da ya hana a gaida mara lafiya ba. Ko wanda aka yi wa aiki a asibitin Shika, washegari za ki tarar da dangi sun cika baranda da kwanukansu. Rufa wa dangin mijinki asiri kike yi, halinki ne tun kina yarinya. Sun ga ke baƙuwa ce, ba uwa ba uba a Jidda, su kuwa haifaffun can, suka sakar miki ɗansu suka koma gefe suna shan shayi. Yini guda ba sallama? A gidan da aka tsaga ƙirjin mutum? Wallahi da na zo wurin kunna famfon nan sai da na ajiye takardar.

Ban tsaya shawara da kowa ba. Na nemo lambar Hajiya Mastura, gwaggon Saleh ta unguwar Sharafiyya, tunda ita ce babbarsu. Na gaishe ta da ladabi, sannan na ce, "Hajiya, ashe zumunci ya rasu a Jidda ba a aiko mana mun zo ta'aziyya ba?" Ta soma wai an ce kada a je. Na ce, "Wa ya ce? Yarinya ta faɗa don kunya, ku kuma manya kuka karɓa don sauƙi?" Na gaya mata zumunta a ƙafa take, ba a waya ba. Ta ce da ni halas, wato shi ke nan, ta ji.

Don haka ki share ido, ki shimfiɗa tabarma, za ki ga mutane. Ga kuka da daddawa da yaji na ba Maimuna, da turaren wuta mai kyau na Barno, ki turara ɗakin ya kori warin asibiti.

Ba sai kin gode mini ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Yayarki,
Rabi'a

*

Funtuwa
Yuni, 2010

Zubaida,

Sallama da gaisuwa. Ya mai jiki? Mu nan lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Maimuna ta je ta dawo, ta sake komawa ta dawo, hannunta wayam. Ta ce ta hau benenku ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Na buga waya tana ta ƙara ba ki ɗauka. Hajiya Mastura kuwa da ta ji muryata sai ta kashe.

Da farko na ce baƙi ne suka yi miki yawa har kika manta da wadda ta turo su. Na yi fushi, har na ce wa Malam na daina shiga sabgar mutanen Jidda. Yanzu fushin ya tafi, tsoro ya zauna a wurinsa. Ko tuwo na sa a baki ba ya wucewa. In wani abu ya sami Saleh ki gaya mini, ni ba yarinya ba ce. In kuma ni na yi miki laifi ki zage ni a takarda, na yarda, amma ki rubuto.

Rabi'a

*

Waziriyya, Jidda
Rajab, 1431

Yaya Rabi'a,

Wa alaikumus salam. Saleh yana raye. Na fara da wannan don ki iya cin tuwonki. Sauran kuwa ki gyara zama, don ban taɓa yi miki magana irin wadda zan yi yau ba.

Ba wayo na yi miki ba. Abin da na rubuta shi ne abin da likita ta ce. Dangin Saleh ba su yar da ni ba, ni na bi su gida-gida kafin aikin na roƙe su kada su zo, suka haƙura ba don suna so ba. Da ƙyar na gina wannan katangar, kika rushe ta da waya ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji hayaniya a matakala. Na buɗe, sai ga Hajiya Mastura da sandarta, ta hau bene uku tana haki, bayanta mata sun cika matakala har ƙasa, da farantan shinkafa da kunun gyaɗa, wata riƙe da kaskon turaren bakhur yana hayaƙi. Na tsaya a ƙofa na ce, "Hajiya, likita ta ce..." Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, "Aib, ya binti! Abin kunya, 'yata! A hannuna aka yanke wa Saleh cibi, ni za ki tsare a bakin ƙofa? Har daga Najeriya ana kiranmu marasa zumunci. Yalla, matsa!"

Ki gaya mini, Yaya, wace suruka ce za ta sa hannu ta tura tsohuwa kamar wannan? Ina cikin roƙo Saleh ya ji muryar gwaggonsa ya fito. Da ya gan ta sai ya cire kammamar, wai ba zai gaida wadda ta raine shi da baki a rufe ba. Ya durƙusa. Suka kewaye shi, kowa ta dafa kansa ta tofa masa addu'a, suna kuka yana kuka. Wata a cikinsu tana ta tari cikin mayafi tana cewa ba komai, sanyin na'ura ne. Ni ina tsaye da faranti a hannu ina kallon hayaƙi yana cika ɗakin.

Kafin wata Juma'ar zazzaɓi ya rufe shi. Aka mayar da shi ɗakin da ba a shiga sai ta gilashi ake leƙe, aka sake sa masa tiyo a hanci. Likita ta dube ni ta ce, "Ba ke ce mai kula da shi ba?" Da ƙasa za ta tsage da na shige. Makonni na yi a kan bencin baranda. Wayarki ina ganinta, na san in na ɗauka zan faɗi abin da ba ya goguwa.

Allah ya taimaka huhun bai tafi ba, amma sun ce ya ji jiki, kuma ba lalle ya jure irin wannan a karo na biyu ba. Da muka dawo na sa sakata. Hajiya ta sake zuwa, na yi mata magana ta bayan ƙofa, ban buɗe ba. Ta ce ƙafarta ta bar gidan nan har abada. Yanzu duk Sharafiyya zancen da ake yi ke nan, wai 'yar Najeriya ta kulle musu ɗa. Saleh kuwa yana zama ya zuba wa ƙofa ido. In na buɗe in kashe shi, in na rufe in raba shi da danginsa. Ko an taɓa ƙofar maƙwabta gabana faɗuwa yake yi.

Na san don ni kika yi, shi ya sa abin ya fi zafi. Da na ce miki ina jin kaɗaici, ba ɗaki cike da mutane nake nema ba. Wanda zai tsaya tsakanina da mutane nake nema, don ni bakina bai kai ba.

Kukar ta yi daɗi, ita kaɗai yake sha da marmari. Turaren na ba matar mai gadi.

Zubaidatu

*

Funtuwa
Yuli, 2010

Zubaida, ƙanwata,

Na karɓi takardarki. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba.

Inna lillahi. Garin neman gira na kusa tsone miki ido. Ba ni da abin cewa, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa. Na karanta wa Malam, ya ce, "Ai na gaya miki." Bai gaya mini komai ba, amma na bar shi ya ci wannan, don na cancanci fiye da haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na hau rufin ɗakinki daga Funtuwa da gatari. Ki yafe mini, ki roƙar mini Saleh.

Amma kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Umrar da nake ta ɗagawa, bana zan yi ta, da azumi. Kin san sana'ata. Tun kafin ki yi aure nake tsare ƙofar madafa a gidajen biki, na hana matar ciyaman ɗiban nama ta tafi tana yi mini godiya. In dai tsayawa tsakaninki da mutane ne, an zo gidana.

Kada ki gyara mini ɗaki. Ki dai gaya mini ko akwai fili a ƙasan benenku.

Rabi'a

*

Ƙasan bene, Waziriyya
Ramadan

Zubaida,

Barka da shan ruwa tun kafin a sha. Ya mai jiki ya tashi? Ki zuro kwandon nan naki ta taga ki ɗauki wannan, ki kuma wanke hannu bayan kin karanta.

Kada ki sake tsayawa a kan matakala kina yi mini idon tausayi. Ba zan hau ba. Na kwaso tarin Harami, duk wanda muka yi ɗawafi da shi da irinsa ya dawo, ƙirjina kamar ana yayyaga tsumma. In na hau benen nan da shi, me ya raba ni da mai tari cikin mayafi? Maƙwabciyarki Saudatu ta ba ni katifa a ɗakinta na ƙasa, mutumiyar Damagaram ce, mun riga mun saba har mun soma faɗa a kan gishiri.

Jiya na je Sharafiyya. Na durƙusa wa Hajiya Mastura da wannan ƙafar tawa, na ce, "Hajiya, yarinyar nan ba ta kulle ɗanki ba. Ni na zuga ki, ni na jawo zazzaɓin, ga ni ki yi yadda kika ga dama da ni." Ta wanke ni tas, rabi da Hausa rabi da Larabci, na gode Allah da ban ji rabin ba. Da ta gaji sai ta fashe da kuka. Ashe tun ranar ba ta da sukuni, tana ganin ita ta kusa kashe shi, girma ne ya hana ta faɗa. Ta ce, "To yanzu shi ke nan ba zan gaida ɗana ba?" Na ce za ki gaishe shi, amma a ƙasa.

Hayaniyar da kika ji ɗazu ita ce. Na shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin matakala, mai gadi ya ba ni kujera na kafa a bakin hawa. Duk wanda ya zo dubiya ni yake dubawa. Su ce, "Sannu, ya jiki?" in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," in ƙara musu da tari don kada su ga sun yi zuwan banza. Su zauna, a yi hira, a ɗaga hannu a yi wa Saleh addu'a da ƙarfi yadda za ta hau bene da kanta. Na san ya ji, don na ji an buɗe ƙofarku kaɗan. Abincin da suka kawo mu da maƙwabta za mu yi buɗa-baki da shi, ladan na Saleh.

Kuma na hana kowa tafiya hannu sake. Duk mai cewa "in akwai abin da zan yi", sai in ce akwai. Usuman mai tasi zai riƙa kai ku mustashfa, shi kaɗai, gilashi a buɗe. Jikar Hajiya za ta riƙa bin layin magani. Cefane an raba shi gida-gida, za a ajiye a kwando. Ashe mutanen nan neman abin yi suke, ba wanda ya ba su.

Saura ke. Ina jiyo motsinki ta matakala tun safe kamar mai aikin gayya. In kin ba shi maganin azahar ki kwanta. Ba wanda zai taɓa ƙofarki, sai ya bi ta kaina, kin kuwa san faɗina.

Rabi'a

*

Waziriyya, Jidda
Shawwal, 1431

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, da fatan kin sauka lafiya kin tarar da su Malam lafiya. Ya tarin? Saleh yana gaishe ki. An auna shi shekaranjiya, likita ta ce huhun ya zauna, har ta tambaye ni me na canza. Na ce yayata ce ta zo. Ta ce ma'aikaciyar jinya ce? Na ce a'a, uwar biki ce.

Ranar da kika ce in kwanta na kwanta. Ban farka ba sai da aka kira magariba, Saleh da kansa ya jiƙa mini dabino. Rabona da barci irin wannan tun kafin a kira mu mustashfa.

Kujerarki ba ta yi sanyi ba. Washegarin tafiyarki Hajiya Mastura ta zo da sandarta ta zauna a kai, ba wanda ya sa ta. Ta fi ki tsanani. Ɗanta na cikinta ya yi atishawa sau ɗaya, ta kore shi har titi tana cewa aib.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Kin ƙetare teku saboda ni, kin yi azumi guda a ƙarƙashin ƙafata, ban rungume ki ba, ban ko riƙe hannunki ba. Saleh kuma ba ki sa shi a ido ba. Da Usuman ya sa jakarki a mota na kasa leƙowa, ina madafa. Sai na ji Saleh ya tashi ya buɗe taga, ya cika ƙirji ya ƙwala kira daga bene na uku: "Yaya Rabi'a! Allah ya saka da alheri! A sauka lafiya!" Da numfashi ɗaya, Yaya, bai tsaya ba, bai yi tari ba. Shekaru rabon da in ji ya ɗaga murya, har na manta haka take. Ya juyo yana dariya yana cewa shi ma ya tsorata.

Amma motar ta riga ta motsa, titi kuma da hayaniya. Kullum sai ya tambaye ni ko kin ji. Kin ji shi kuwa?

Taki har kullum,
Zubaidatu

*

Funtuwa
Oktoba, 2010

Zubaida,

Wa alaikumus salam. Na sauka lafiya, tari ya tafi, Malam ya rame don ba mai yi masa faɗa.

Ki gaya wa Saleh na ji shi. Ni kaɗai ba, har mai shagon kan kwana sai da ya fito. Usuman ya taka birki ya ce, "Hajiya, in koma?" Na ce ya ja mu tafi. Na san in na waiwaya na ga fuskarsa a tagar nan, ba mai hana ni hawa benen, ga tari a ƙirjina. Na dafe bakina da mayafi, ban sake shi ba sai a filin jirgi.

Ki ce masa ya riƙe muryar da kyau. Baɗi in Allah ya kai mu zan hau har sama da ƙafar nan tawa, ya gaishe ni a zaune, a hankali, kamar mutumin kirki.

Yanzu ajiye takardar ki je ki kwanta.

Yayarki,
Rabi'a